Yadda Zenko Ya Gaji Akushin Anma Nabe

Duk unguwar da ke bayan kasuwar birnin Naha babu wanda bai san cewa Zenko Tamanaha masanin kumfa ne ba, domin shi da bakinsa ya sanar da kowa, wasu ma har sun haddace. Ƙuruciyarsa da girmansa a sansanin sojan Amurka ya ƙarar da su yana wanke motoci. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da hular hana-sallah da ta koɗe, da injin goge mota da ya ce wani Kanar na sansanin ne ya ba shi kyauta, da kalmar Turanci ƙwaya ɗaya da ya riƙe gam, wato sunan kumfa. In zai faɗe ta sai ya gyara tsayuwa, ya ciji leɓensa na ƙasa, ya huro iska, sannan ya rufe baki a hankali yana duban jama'a ya ga wa ya girgiza.

Kullum da hantsi yana kan benci a ƙofar shagon surukarsa, Anma Nabe, yana ba da darasi ga duk wanda ƙafa ta kawo.

"Ku nan kumfar shayi kaɗai kuka sani," in ji shi. "Shi kuwa Bature kalma ɗaya ya ɗauka ya ɗaure duniya da ita. Abin da teku ke tofarwa a gaɓa, ita ce. Farin da ke kan giya, ita ce. Abin da ke dalala a bakin mahaukacin kare, ita ce. Kai, har katifar da Kanar yake kwana a kai sunanta ke nan. Mutumin da ya kai ga kwana a kan kumfa, me za ka koya masa?"

Seitoku, mijin ƙanwar matarsa, wanda gidansa na farfesun akuya ke manne da shagon, ya leƙo da ludayi a hannu.

"To Yaya Zenko, kai da ka san sunanta, me ya sa har yau a tabarma kake kwana?"

"Bayana ne ba ya son laushi."

"Bayan ne, ko aljihun?"

"Koma wurin akuyoyinka. Ana maganar ilimi kana wari."

Ita Anma Nabe a cikin shagon nan ta tsufa, tana kaɗa shayin kumfa. A dafa soyayyiyar shinkafa, a tace ruwanta a haɗa da shayi, a zuba a babban akushi, a sa maburgin gora a yi ta kaɗawa har kumfa ta taso fara sol. Sai a tula ta kan kofi ta yi tozo, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa, a sha ba cokali, kowa ya ɗago da farin hanci ana dariya. Akushinta baƙi ne, ya cika runguma. Lokacin yaƙi tana budurwa shi ta kifa a ka ta gudu kogo. Gidansu ya ƙone ƙurmus, akushi ya tsira, da shi ta ciyar da 'ya'yanta mata biyu.

Bana ta cika casa'in da bakwai, shekarar da a al'adarmu tsoho ke komawa yaro, a sa masa jajayen kaya, a ba shi 'yar fankar takarda irin ta wasan yara, a zaga gari da shi a buɗaɗɗiyar mota. Ana saura 'yan kwanaki a yi bikin ta tara surukanta biyu.

"Hannuna ya mutu," ta ce. "Amma ranar bikina ina so kumfa ta taɓa mini hanci sau ɗaya kafin in tafi wurin kakanni. Zenko, kai ne mijin babbar 'yata, kuma kunnuwana sun gaji da jin ka. Kai za ka kaɗa. In ka iya, akushi da shago naka ne. In ka kasa, makulli na Seitoku ne, ya fasa bango ya faɗaɗa gidan farfesunsa."

Seitoku ya dubi bangon yana auna shi da ido. Zenko kuwa ya yi murmushin tausayi.

"Anma, ai kamar kin ce in yi numfashi ne. Kumfar da zan tayar miki, sai an hau tsani a barbaɗa mata gyaɗa."

Babu wanda ya ƙagu ya ci wannan shago irin matarsa Toyoko. Tun da ya yi ritaya ba ta ƙara jin shirun gidanta ba: yana bin ta madafa yana gyara mata wankin kwano, yana bin ta tsakar gida yana kushe kumfar wankinta. Ita da ta taso a gindin akushin, so samu ne ita za ta kaɗa da kanta, sai dai ciwon kafaɗa ya hana ta ko ɗaga buta. Don haka ta zaunar da shi.

"Baban yara, ka buɗe kunne. Ruwan rijiyar gindin ceɗiya za ka ɗebo, ba wani ba."

Zenko ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace.

"Wannan ruwan mai zartsi? Toyoko, na taɓa wanke motar Kanar da irinsa. Na juye rabin galan na sabulu, kumfa ta ƙi. Ruwan nan makashin kumfa ne, duk mai sana'a ya sani."

"Sabulu daban, shayi daban. Shayin nan sai da shi yake tashi."

"Kumfa kumfa ce. Da daban suke, da Bature ya raba musu suna."

"Bature ne zai kaɗa, ko kai? Na biyu, kada maiƙo ya kusanci akushin nan. Ko hannun da ya taɓa soyayyen abu kada ya taɓa shi. Na uku, da hannu ake kaɗawa, a hankali, ba a yi mata gaggawa. Kana ji na kuwa?"

Yana jin ta, amma hankalinsa na kan allon da zai kafa a ƙofar shago, da kalmarsa a rubuce da manyan haruffa, da hotonsa a gefe.

Ana gobe biki ya je ya sayo ruwan roba, mai hoton dutsen ƙanƙara a jiki, mafi tsada a kanti. Ya wuce ya karɓo akushi. Anma ta miƙa masa da hannu biyu, ta daɗe ba ta saki ba. Da ya kai shi tsakar gidansa ya dube shi a rana sai ransa ya ɓaci. Abu duk ya dushe, ya yi furu-furu, ba ƙyalli ko kaɗan. A ce a gaban shugaban unguwa da masu ɗaukar hoto za a fito da wannan? Bai taɓa mayar wa soja mota ba ta sheƙi ba, ba kuwa zai fara a kan surukarsa ba.

Ya ɗauko man goge mota, ya sansana, ya ji warin fetur, ya ajiye. Shi ba wawa ba ne, abin ci ai sai man ci. Ya faki idon Toyoko ya shiga madafa, inda tukunyar naman alade ta biki ta huce, kitse ya daskare a sama fari tas. Ya kwashe cike da kofi. Ya shafe akushi ciki da waje, ya shanya a rana ya tsotse, ya ƙara, ya sake ƙarawa, sannan ya bi shi da inji har ya ga haƙoransa a ciki. Ya naɗe shi a jan ƙyalle don ya ba kowa mamaki.

Da safe ya sungumo shi ya nufi zauren taron unguwa. Tsuru mai awara tana share ƙofarta, ta tsaya ta dogara da tsintsiya.

"Zenko, me ka yi wa kuliyoyin unguwa suke bin ka a jere?"

Ya waiga. Suna nan kuwa, har da gurguwar ta bakin kasuwar kifi.

"Dabba tana gane mai sa'a, Tsuru."

"Ni dai ban taɓa ganin kyanwa ta bi shayi ba."

"Ba ki taɓa ganin irin nawa ba ne."

Aka zaga gari da Anma cikin jajayen kayanta, fankar takarda na juyawa a hannunta, masu molo a gaba, jikoki da tattaɓa-kunne a baya. Zenko ya ƙwace lasifikar daga hannun mai sanarwa. Ya gaya wa mutanen kasuwa cewa yau za a ga kumfar da ba a taɓa gani ba tun da aka kafa tsibirin nan. Ya ce mai ciwon wuya ya zauna daga baya, don abin kallon sama zai yi. Ya faɗi kalmarsa a lasifika har sau uku, wani kare ya amsa. Kafin a dawo zaure ya cika maƙil, har da waɗanda ba su san mai bikin ba.

Aka zaunar da Anma a gaba, makullin shago rataye a wuyanta, shugaban unguwa a damanta cikin farar kwat. Zenko ya hau dandamali, ya ja jan ƙyalle ya yaye. Akushi ya ɗauki hasken fitila ya mayar. Jama'a suka yi guna-gunin sha'awa. Toyoko kaɗai ta dafe ƙirji, Anma kuma ta ƙanƙance ido.

Ya juye shayin da ya dafa da ruwan roba, ya naɗe hannun riga, ya kama maburgi. Ya kaɗa. Ya kaɗa. Ya sauya hannu ya kaɗa. Ruwa ya yi ta zagaye, ja wur, idanun mai suna yawo a kai suna kallonsa.

"Yaya Zenko, a kawo tsanin yanzu, ko a ɗan jira?" in ji Seitoku.

"Tana taruwa ne daga ƙasa. Kumfar zamani daga ƙasa take farawa."

"To a leƙa ƙarƙashin tebur, ko ta zube can."

Gumi ya fara ɗiga daga hular hana-sallah. Can wata 'yar kumfa guda ta ɓullo a gefe, Zenko ya nuna ta da yatsa, kafin mutane su miƙa wuya ta fashe.

"Baban yara," Toyoko ta matso tana magana ƙasa-ƙasa, "me ka shafa wa akushin nan?"

"Koma ki zauna. Aikin hannu ne ya tsufa, shi ke nan. Yanzu za ki ga aikin ilimi."

Ya janyo jakarsa ya fito da injin goge mota. Ya ɗaure maburgin Anma a bakinsa da robar taya, ya sa a wuta, ya tsoma a akushi, ya danna.

Abin da ya biyo baya bai daɗe ba, amma ya isa kowa. Shayi ya tashi ya bi layin gaba kaf. Farar kwat ɗin shugaban unguwa ta koma kalar ƙasa daga wuya zuwa cibiya. Mai molo ya buɗe baki zai yi waƙa ya sami rabonsa a ciki. Maburgi ya tarwatse, tsinkayen gora suka yi ta shawagi, ɗaya ya tsaya a gashin Tsuru. Inji ya kuɓuce ya bi dandamali yana tsalle, sai da wani ya zare wayar.

"Shayin dai ya kai ga kowa," in ji Tsuru tana zare tsinke. "Ba a taɓa rabo da sauri haka ba."

Zaure ya ɗauki dariya. Seitoku ya fara tambayar na kusa da shi ko ya san magini mai sauƙin kuɗi. Zenko ya dubi makullin da ke wuyan Anma. Shago na tafiya, allo na tafiya, hoto na tafiya, kuma gobe da wane ido zai zauna a benci?

"Wannan gwaji ne," ya ce da ƙarfi. "Yanzu saura sirrin. Sirri kuwa ba a yin sa a gaban jama'a."

Ya kinkimi akushi ya shige bayan labule. A cikin jakar nan akwai kwalbar da ba ya rabuwa da ita, ruwan sabulun wanke mota, mai ƙamshin lemun tsami. Ya tsaya ya yi shawara da kansa, shawarar ba ta ɗauki lokaci ba. Ɗigo kaɗan ne, wa zai sani? Ya ɗiga. Ya tuna tsani, ya ƙara. Ya tuna fuskar Seitoku, ya juye kwalbar duka. Ya ƙara ragowar shayi, ya kama guntun maburgi ya buga.

Nan fa ya dawo fagen da ya sani. Kumfa ta taso, ta cika akushi, ta haura, ta kai masa haɓa. Ya fito da ita a rungume ba ya ko ganin gabansa, tana zuba tana bin ƙafafunsa.

Zaure ya kaure da tafi. Waɗanda suka fi kowa dariya ɗazu su suka fi kowa rantsuwa cewa da ma sun san Zenko ba ya faɗar abin da ba zai yi ba. Shugaban unguwa ya miƙe da jiƙaƙƙiyar kwat ɗinsa ya ce wannan shi ne ci gaban da ya daɗe yana kira a yi, kuma zai sa a saka unguwar cikin wuraren da ake kai baƙi. Seitoku ya zauna jagwab. Zenko ya ɗaga hannu yana karɓar gaisuwa ta kowane ɓangare.

Ya tula kumfa kan kofi ta yi tozo har biyu. Ya barbaɗa gyaɗa, gyaɗa ta nutse ta ɓace, ya yi kamar haka ake so. Ya durƙusa gaban Anma ya miƙa da hannu biyu.

Tsohuwa ba ta karɓa ba. Ta ɗan matso da fuska, hancinta ya motsa.

"Yaushe aka fara sa lemun tsami?"

"Sabon salo ne, Anma."

"To madalla. Amma ka manta, yau ni yarinya ce. Ba ga fankata ba? Yarinya kuwa ba a ba ta abu sai babba ya ɗanɗana mata. Sha, surukina."

"Anma, ni wa da zan riga mai biki?"

"Yarinya ba ta san wannan ba. Sha in gani. Ka shanye, a sake zuba mini."

Jama'a suka ɗauka da tafi suna kiran sunansa. Toyoko ta girgiza masa kai, idonta ya kawo ruwa. Da ya faɗi gaskiya a nan da abin ya tsaya a kunya. Amma ga makulli yana lilo dab da hancinsa. Ya rufe ido ya kafa kai. Maƙogwaronsa ya yi gardama, ya danne shi. Ya shanye tas, ya ajiye kofi, ya yi wani abu da fuska da yake nufin murmushi.

"Da daɗi?" in ji Anma.

Ya gyaɗa kai, don ba ya son buɗe baki.

"To faɗa wa baƙina sunanta da Turanci. Kullum kana faɗa wa masu wucewa, yau ga taro."

Wannan kam ba abin da Zenko zai iya ƙi ba ne ko yana bakin kabari. Ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya ciji leɓensa na ƙasa, ya huro iska. Kalma ba ta fito ba. Ƙwan kumfa ne ya fito, ya yi ta girma a bakinsa har ya kai lemu girma, ya saki, ya tashi a hankali yana walƙiya da launi-launi. Jama'a suka bi shi da ido. Ya sauko, ya sauko, ya fashe a kan hancin Anma. Zenko ya yi shaƙuwa, wasu ƙanana suka biyo baya a jere.

"Sabulu ne," in ji Tsuru. "Sabulu ya so ya ba tsohuwa."

Zenko ya juya zai nemi ƙofa, cikinsa na kiran gaggawa. Ƙafarsa ta taka kumfar da ya zubar, ya tafi sama ya dawo da baya, ya shuri tebur. Akushi ya faɗo ya gangara, ya yi ta juyi har ya tsaya a ƙafar mai shi. Shugaban unguwa ya ce shi tun farko bai yarda da wannan mutumin ba.

Anma ta sunkuya ta shafa cikin akushin da yatsa, ta murza, ta sansana. Ta gane kitse, ta kuma san ya riga ya shige cikin icen, ba wankin da zai fitar da shi. Dariya ta mutu a zauren, don kowa ya ga tsohuwar nan ta ji ciwo ƙwarai. Ta daɗe tana shafa bakinsa inda hannunta ya cinye.

Daga ƙasa inda yake kwance, Zenko ya ɗaga yatsa.

"Anma, a yi adalci. Kin ce kumfa ta taɓa miki hanci. Kowa shaida ne, ta taɓa."

"Ta taɓa," in ji Anma. "Ba zan ci haƙƙinka ba. Akushin nan jiragen yaƙi sun neme shi ba su samu ba, wuta ta neme shi ba ta samu ba, ashe kai yake jira. Ɗauki, naka ne, ka gada. Shagon shayi kuwa ba ya yiwuwa ba akushi." Ta cire makulli daga wuyanta. "Seitoku, fasa bangonka."

Ba a yi wata guda ba aka fasa. Inda ƙamshin soyayyiyar shinkafa yake tashi tun kafin a haifi yawancinmu, yanzu warin bunsuru ne ke tarbar mutum tun daga kwanar layi. Anma ba ta ƙara bin layin ba.

Toyoko dai ba ta yarda ta yi asara biyu ba. Ta je ta sami mijin ƙanwarta, ta ce gidan farfesu ya girma, ai zai so mai wanke kwano, kuma tana da ƙwararre a gida wanda zai fita tun safe sai yamma. Can za ka same shi yanzu a bayan shagon, da hularsa, hannu cikin ruwa har gwiwa. Duk wanda ya leƙa sai ya gaya masa cewa cikin surukan Anma Nabe shi aka zaɓa ya gaji akushi, kuma ba ƙarya ya yi ba. A ciki yake wanke kwanonin Seitoku. Kullum kumfa na tashi a cikinsa har ta zuba ƙasa, ba dai wanda ya ƙara sha.